Jif Mai Gajerun Ƙafafu

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a danginmu, kuma na san ta iso kunnuwanku, ku 'ya'yana da 'ya'yan Yaya Alhaji, domin da kunnena na ji ɗayanku ya goranta wa ɗan'uwansa da ita a wajen wani taron suna. Wai ranar da Inna take kwance ciwon ajali, Yaya ya tsaya a bakin rafi yana gadin motarsa har bakin mahaifiyarsa ya rufe bai isa ba. Ni nake riƙe da sitiyarin motar nan a ranar, ni kuma na sayo ta, don haka ku ajiye abin da kuka ji tukuna ku saurari nawa. Na kai shekarun da ba ni da sauran wanda zan burge. Idona ya daina ganin titi, lasisina yana ƙasan akwati, Yaya kuma yana kabari, ba zai iya kare kansa ba, ko da yake da ransa ma bai taɓa yi ba.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, Yaya ɗan fari, ni auta, shekara goma sha biyu tsakaninmu. An haife mu a Kwarin Marke, wani ɗan ƙauye a gindin duwatsu bayan Doguwa, inda babanmu yake noma, dangin Inna kuma suke kiwo. Inna Bafulatana ce ta gaske, irin waɗanda ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Ku na yanzu da wuya ku gane, ku da iyayenku mata suke kiran sunanku a waya har da ƙari. Sunan Yaya Usumanu, kuma tun ranar da aka raɗa masa shi Inna ba ta taɓa furta shi ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", in da ni take sai ta ce "wanka". Ko baƙo ne ya zo mai wannan suna, sai ta ce "mai sunan wancan". In ya durƙusa gaishe ta a ƙofar ɗaki, bango take kallo ta amsa a gajarce. Amma duk zuwan da zan yi sai ta ɗauko kwalbar man shanu daga bayan tukunya ta tura min a aljihu, ta ce in kai wa wana, kada in ce daga ina. Ni kuwa sunana ya sha wahala a bakinta. Daga safe har yamma Salihu ne, tana jansa kamar mai kiran maraƙi daga nesa, har mutanen ƙauye suka iya kwaikwayonta. Yaya yakan yi dariya ya ce ni na cinye rabonsa. Na daɗe ina ɗauka wasa yake yi.

Abin da zan faɗa ya faru ne cikin shekarun casa'in, zamanin soja. Yaya ya riga ya kafu a Kiru yana fataucin masara, ni kuma ina tuƙa masa akori-kura, ina ɗauko hatsi daga kasuwannin Tudun Wada da Burumburum. Babanmu ya rasu, Inna ta tsufa, amma ta ƙi baro ƙauye. Duk wanda aka tura mata amsa ɗaya ce: wa zai duba mata shanunta uku, kuma ita ruwan Kiru ba ya kashe mata ƙishirwa. Abin da yake damun Yaya shi ne damina. Daga inda kwalta ta rabu da mu a Doguwa hanyar daji ce, ga rafin Marke a tsakiya, wanda in ruwa ya zauna ƙaramar mota ba ta haye shi. Akori-kurar kuwa kullum tana kan hanya da kaya. Wata rana bayan kaka, a shekarar da masara ta yi masa kyau, ya kira ni zaure.

"Salihu, za ka tafi Kwatano," in ji shi. "Jif nake so, ƙarama, ba ta alfahari ba. Wadda za ta kai ni ƙofar ɗakin Inna ko ana tsuga ruwa. Ni ban san mota ba, kai ka sani. Abin da ka zaɓa shi ke nan."

Na ce, "An gama, Yaya."

Ku riƙe maganar nan tasa da kyau. Bai ce min mai kyau ba, bai ce min mai gudu ba. Abu ɗaya ya aike ni.

A Kwatano akwai wani makeken fili da ake jera motocin da Turawa suka gama yayinsu, har inda ido ya tsaya. Wani dillali mutumin Damagaram ya kai ni gaban jif biyu, kamfani ɗaya, inji ɗaya, shekara ɗaya. Ta farko fara ce, ba ta da wani ado, tayoyinta masu kauri da manyan haƙora, cikinta a sama, kujerunta na yadi. Ta biyu baƙa ce wuluk. Ita ce wadda suke kira sifot, wato an ƙara mata kayan gayu tun daga kamfani. An rage mata tsayin sipirin ta kwanta ƙasa, an sa mata wili masu ƙyalli da tayoyi masu faɗi marasa kauri, an kewaye gindinta da siket na roba gaba da gefe da baya, ga matakalar ƙarfe mai sheƙi, ga wani ɗan fiffike a saman gilashin baya wanda har yau ban san amfaninsa ba. Cikinta fata ce da jan ɗinki, sitiyarin ɗan ƙarami mai kauri. Na shiga na zauna, na ja ƙofa, hayaniyar filin ta ɗauke ɗif. Shekara goma sha biyar ina tuƙa motar da ake ɗaure ƙofarta da waya. Wallahi kafin in saki sitiyarin nan na hango kaina ina shiga Kiru ranar kasuwa, na hango fuskokin direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka na san aikina. Na durƙusa na auna da hannu daga ƙasa zuwa cikin kowacce. Farar taƙi ɗaya da yatsu huɗu. Baƙar taƙi ɗaya babu yatsu biyu. Dillalin yana tsaye a kaina, kuma mutumin kirki ne, bai ɓoye min komai ba.

"Ina za ta yi aiki?" ya tambaye ni.

Na ce, "Kano."

"Cikin gari ko ƙauye? In ƙauye ne ka ɗauki farar, malam. Wannan ta kwalta ce, sunan jif kawai gare ta."

Na ce masa cikin gari ne. Ƙaryar farko ke nan, kuma ko kaɗan ba ta yi min nauyi a baki ba. Na gaya wa zuciyata yatsu shida ba wani abu ba ne a hannun direba irina.

Ranar da na shigo Kiru abin da na hango ya faru, har ya fi. Masu acaɓa suka rako ni tun daga bakin gari, masu shayi suka bar teburinsu, direbobin tasha suka zo suna shafa wili da tafin hannu. Kafin magariba an raɗa mata suna 'Yar Gayu. Yaya ya kewaya ta sau biyu, hannuwansa a baya, ya ce ai shi ba ta alfahari ya ce ba. Amma na ga gefen bakinsa yana motsi, murmushi yake dannewa. Tambaya ɗaya ya yi min.

"Za ta je wajen Inna?"

"Har cikin ɗaki in kana so, Yaya."

Matata Hajara ce kaɗai abin bai burge ba. Ta leƙo daga soro ta dubi motar, ta dube ni, ta ce wannan kaina na saya wa, Yaya sunan kawai ya samu. Na ce ta koma ta duba tuwonta, me ta sani a mota. Haushinta na ji sosai, don ta faɗi gaskiya.

Zuwanmu na farko Kwarin Marke da rani ne, rafin ya bushe ƙayau. Gangarawa ba matsala. A hawan ɗaya gefen ne abin yake. Amalanken shanu da motocin masara sun haƙa kwari biyu inda ƙafafunsu suke bi, sun bar tudu a tsakiya, kuma ƙashin tudun dutse ne. Na ɗora tayoyin gefe ɗaya a kan tudun, na ɗaya gefen a kan gaɓa, na haye a karkace, a hankali. Duk da haka na ji cikin motar ya gogi dutse daidai ƙarƙashin kujerata. Yaya yana ta jan carbinsa. Ni kuwa har cikin haƙorana na ji ƙarar nan. Da muka isa, mutanen ƙauye suka yanyame motar. Inna ce ta fito a ƙarshe da sandarta, ta tsaya nesa saboda Yaya yana wajen, ta duba motar yadda 'yan'uwanta suke duba saniya a kasuwa, daga ƙasa zuwa sama. Sannan ta kira ni gefe.

"Salihu, motar wanka kyakkyawa ce," in ji ta. "Amma ƙafafunta gajeru ne. Kai ka zaɓo?"

"Haka ake yin su yanzu, Inna."

"To," ta ce, ta koma ɗaki.

A hanyar dawowa na tsaya a rafin, na ce wa Yaya zan kama ruwa. Na zagaya bayan mota na durƙusa na auna tudun nan daga gindin kwari zuwa samansa. Taƙi ɗaya cif. Da rani ke nan, ƙasa a bushe, taya tana iya tsayawa inda ka ɗora ta. Na san in laka ta jiƙa, tayar nan mai faɗi ba za ta zauna a kan gaɓa ba, zamewa za ta yi cikin kwari, kuma in ta faɗa kwari cikin motar zai hau dutse.

Daga ranar ban ƙara jin daɗin 'Yar Gayu ba. Mutane suna ɗaga min hannu a titi, ni kuwa sama nake kallo. Kowa yana roƙon hadari, ni ɗan manomi in na ga gabas ta yi baƙi sai in yi ta fatan hadarin ya watse. Duk ruwan da ya sauka a Kiru, tunanina yatsa nawa ya ƙara wa kwarin nan zurfi. Duk wanda ya zo daga wajen Doguwa sai na tare shi da gaisuwa, in tambayi rafi tukuna, sannan in ji kunyar kaina in tambayi Inna. Na rame har Hajara ta ɗauka ciwon shawara ne, ta jiƙa min saiwa mai ɗaci, na yi ta sha ban musa ba. Tsoro nake ji, tsoro ƙarara, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Sau biyu na yi ƙoƙarin gyara ɓarnata a ɓoye. Na farko da bazara, na ratse da akori-kura har rafin, na ɗauko diga na yi ta saran tudun nan fiye da awa guda. Diga tana tartsatsi, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, abin da na ɓamɓaro bai cika hula ba. Wani makiyayi ya tsaya yana kallona ya tambaye ni ko kuza nake nema. Na biyu a Kiru ne, a bayan gida. Na kwance siket ɗin gaba da matakala, da niyyar in je Kano in nemo tayoyi masu kauri in sauya ba tare da kowa ya lura ba, kamar akwai abin da za a taɓa a jikin motar nan garin bai gani ba. Yaya ya dawo daga masallaci ya tarar da ni kwance a ƙasa da sifana a hannu.

"Me ya sami motar?" ya ce.

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Ba kowa a wajen, daga ni sai shi. Da na ce, Yaya, na yi kuskure, motar nan ba za ta haye rafin Marke da damina ba, da ya yi faɗan kwana biyu an sayar an sayi wata. Amma ni ne aka ce wa "kai ka sani". Ni ne tasha take kira Sale Gwani. Sai na ji bakina yana cewa laka ce ta shiga ciki, wankewa zan yi.

"To ka mayar in ka gama," in ji shi. "Ta yi muni haka, kamar tsohuwar da haƙoranta suka zube."

Na mayar, na ɗaure kowane noti da kyau.

Damina ta zauna, masara ta fara goyo. Wata Talata da hantsi ina wanke motar a ƙofar gida sai ga Kawu Buba, ƙanen Inna, ya sauko daga acaɓa, wandonsa laka har gwiwa. Kawu Buba mutum ne da ba ya barin shanunsa ko ranar salla, kuma bai taɓa taka Kiru ba. Ganinsa kawai na san ba lafiya ba. Ashe tun jiya da yamma ya baro ƙauye a ƙafa, ya kwana a Doguwa, ya biyo motar farko. Ya ƙi zama, a tsaye muka gaisa. Yaya ya fito da buta a hannu.

"Kawu, jikin ne?"

"Jikin ne. Kwana huɗu ba ta ci komai ba." Ya dubi ƙasa. "Alhaji, tun jiya da rana take kira. Ba wancan take cewa ba. Sunanka take kira, da bakinta."

Yaya yana da shekara hamsin da biyu a lokacin, mai gemu da furfura, mai ciyar da gida uku. Ya sunkuya ya ajiye butar a hankali kamar za ta fashe. Dukkanmu mun san abin da maganar take nufi, mace irin Inna ba ta ajiye wannan kunyar sai ta hango tafiya. Amma ba baƙin ciki kaɗai na gani a fuskarsa ba, akwai wani ɗoki da ban taɓa gani ba.

"Sunana?" ya ce.

Kawu ya gyaɗa kai. Yaya ya buɗe mota ya shiga ba hula, sai biyo shi aka yi da ita. Akori-kura tana Kano da kaya. Kawu ya tsaya yana kallon gindin 'Yar Gayu, ya ce ruwan rafin bai kai gwiwa ba, amma hawan ya ci sosai, anya wannan za ta haye? Yaya ya juyo ya dube ni. Na ce za ta haye.

A kan kwalta kam ba a yi mota irinta ba. Ta kwanta a titi kamar an manna ta, muka wuce Kwanar Ɗangora, muka wuce Tudun Wada, muka keta dajin Falgore ban taka birki sau biyar ba. Ba mai magana sai Yaya, da yake juyawa jifa-jifa ya tambayi Kawu sau nawa ta faɗa, da ƙarfi ko a hankali, wa da wa suka ji. Ni kuwa duk nisan da muka ci tudun nan nake aunawa a raina. Gudun da take yi ba ya sanyaya min rai, don na san inda take kai ni.

Mun isa rafin wajen sha ɗaya da rabi. Na sa giyar da take jan tayoyi huɗu, na yi bismilla, muka shiga ruwan muka fita lafiya. Na nufi hawan a karkace kamar yadda na yi da rani. Ba mu yi rabi ba na ji gefen dama ya sulale, tayoyin suka faɗa kwari, cikin motar ya sauka a kan dutsen da ƙarar da har yau in na tuna sai haƙorana su yi tsami. Siket ɗin gaba ya naɗe ya cusa a ƙarƙashi, matakalar ta kafe a gaɓa. Na taka totur, tayoyi huɗu suna ta juyawa a banza suna watsa laka. Daga nan zuwa ƙauye tafiyar awa ɗaya da rabi ce a ƙafa. Yaya ya fito, ya dubi motar sau ɗaya, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa.

"Mu bar ta mu taka," in ji shi.

Ku ji da kyau, shi ya fara faɗa, ƙafarsa ko gama taka ƙasa ba ta yi ba.

Na ce, "Minti goma, Yaya. Jak kawai zan sa mata in cusa duwatsu. In ta fita, kafin ka gama jan carbi mun isa."

Ya yarda, don ni na sani. Shi da Kawu suka shiga ɗebo duwatsu daga rafi. Na sa jak, jak ya nutse a laka. Na shimfiɗa masa dutse, dutsen ya zame. Na kwanta cikin taɓo na kwance siket ɗin da na ɗaure da hannuna a Kiru, kuma na ɗaure shi tamau. Awa guda ta tafi a haka. Yaya ya ɗaga kai ya dubi rana.

"Salihu, rana tana yi. Ni zan yi gaba, ku same ni."

"Saura kaɗan, Yaya, turi kawai take buƙata, kuma in ka tafi ba mai tura ta." Da na ga bai saki rigarsa ba sai na ƙara da cewa, "In muka bar ta nan, da me za mu kai Inna asibiti?"

Wannan maganar ce ta tsayar da shi, kuma ita ce mafi munin abin da na faɗa a rayuwata. Ba asibiti ne a raina ba. Na san Inna ba za ta yarda a ɗora ta a mota ba, na san kuma motar ko ta haye ba za ta dawo ba. Abin da yake raina shi ne, in muka shiga Kwarin Marke a ƙafa, kowa zai san Sale Gwani ya sayo wa wansa jif da ba ta haye rafin garinsu. Yaya ya cire babbar riga ya rataye a reshe, ya sa kafaɗarsa a bayan motar. A daidai lokacin wasu mata masu tallan nono suka sauko za su haye. Abin da suka gani shi ne Alhaji Usumanu, laka har gemu, rungume da bayan motarsa, alhali duk ƙauye an san mahaifiyarsa tana kiransa. Daga bakinsu maganar da kuka ji ta fito, kuma ban ga laifinsu ba.

Karo na uku Kawu Buba ne ya yi magana, ya ce mutum uku ba za su fitar da wannan ba sai an kawo shanu. Ina cikin cewa a ƙara gwadawa sau ɗaya sai na ga baƙin mai yana bin laka yana gangarawa rafi. Dutsen ya fasa ƙasan injin. Inuwa ta riga ta karkata. Yaya ya juya. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya kama hanya. Mutum mai jiki, ga ciwon gwiwa, amma gudu-gudu sauri-sauri yake yi cikin gonakin masara, ni da na fi shi ƙuruciya da ƙyar nake cin masa.

Ana shirin la'asar muka shiga gida. Gwaggo Tabawa, maƙwabciyar da take jinyar Inna, tana zaune a ƙofar ɗaki. Ta ce da sauran rai, idonta biyu.

"Har aka kira azahar tana kira," in ji Gwaggo. "Ko kaza ce ta yi motsi sai ta ce ko shi ne. Daga nan harshen ya yi nauyi."

Da mun taka tun farko, da mun isa kafin ladan ya buɗe baki. Kowa a cikinmu ya yi wannan lissafin, ba wanda ya faɗa. Yaya ya durƙusa a ƙofar ɗaki, inda ya saba durƙusawa, sai da Gwaggo ta ce masa ya shiga mana. Ya shiga ya ce, Inna, ga ni. Ba ta juya bango ba. Ta kalle shi a fuska, ta daɗe tana kallonsa, leɓɓanta suna motsi. Ya sa kunnensa daf da bakinta ya tsaya a haka har ƙafafuna suka gaji da tsayuwa. Ba abin da ya fito sai numfashi. Washegari da hantsi ta cika.

Bayan an dawo daga makabarta na ji shi yana tambayar Gwaggo Tabawa yadda Inna ta faɗa. Gwaggo ta ce Usumanu mana. Ya ce a'a, yadda ta faɗa yake nufi. Gwaggo ta gwada sau biyu, ya yi mata godiya ya tashi. Bayan sadakar uku shanun Kawu suka jawo motar daga kan dutse. Aka kawo ta Kiru aka ajiye a gindin darbejiya, Yaya bai ƙara shiga cikinta ba har aka sayar. Maganar matan nan kuwa ta riga mu isowa. An faɗe ta a tasha ina zaune, an faɗe ta a kasuwa, an faɗe ta a cikin dangi. Yaya bai taɓa musawa ba, ni kuma ban taɓa gyarawa ba. Daga yau duk wanda zai goranta wa wani da rafin Marke, 'ya'yana zai goranta wa, ba na Yaya ba.

Shekara goma sha tara na yi da abin nan a ciki. A ciwonsa na ƙarshe, wata rana bayan la'asar, masu dubiya sun watse, daga ni sai shi a soro. Na zauna a bakin tabarma na faɗa masa duka: farar motar, yatsu shida, digar da na yi sara da ita, wankin ƙarya, maganar asibiti. Ya saurara idonsa a rufin ɗaki.

"Na sani," in ji shi. "Dillalin nan ya kawo wa wani mota Kiru bayan shekara guda. Ya ga baƙar a gindin darbejiya, ya ce ai ya gaya maka."

"To me ya sa ka yi shiru, Yaya, ana ta zaginka?"

"In ce me? In ce ƙanena ne? Ai Inna ta bar min kai." Ya nisa. "Kuma ni ma na ji ƙarar nan ranar farko, da rani. Motar ta yi min kyau, sai na ci gaba da jan carbi."

Hawaye kawai nake yi. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya juyo da kansa.

"Ba wannan nake nema a wajenka ba, Salihu. Kai ka fi kowa sanin muryarta in tana kira. Tabawa ba ta iya ba. Faɗa min shi yadda za ta faɗa."

Ni ma tun da na yi wayo ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, Yaya ne kawai. Na ce masa ba zan iya ba. Ya ce bai taɓa roƙona komai ba tun Kwatano. Ya rufe ido yana jira. Na juya na fuskanci bango yadda take yi, na share maƙogwaro, na ja sunan kamar mai kiran maraƙi daga nesa.

"Usumanu."

"Na'am, Inna," in ji shi.